Gurbi Uku a Sashenmu

A watan Nuwamba na 2018 fadar shugaban ƙasa ta ba da sanarwar za a ɗauki masu digirin dokta 2,000 aikin koyarwa a jami'o'in gwamnatin Kamaru: 1,000 a 2019, 500 a 2020, sai wasu 500 a 2021. Da aka kafa jami'o'in Garwa da Bertuwa da Ebolowa a watan Janairun 2022, aka sake buɗe wata ƙofar domin su. A ɗaya daga cikin waɗannan zagaye ne sashenmu na labarin ƙasa ya sami gurbi uku, lokacin ina riƙe da shugabancinsa. Ba zan faɗi wace jami'a ce ba cikin ukun da ke arewa, domin mutanen da zan ba da labarinsu suna nan da ransu, wasu ma bango ɗaya ya raba ofishina da nasu.

Duk wanda ya leƙo taron sashenmu a lokacin, ba sai an nuna masa giɓin ba. Babu mace ko ɗaya cikin masu koyarwa. Babu wanda ya yi karatunsa da Ingilishi. 'Yan arewa mu uku ne, Fulani biyu da ni Bahaushe, duka Musulmi, duka 'yan birni. Sauran daga kudu suke, yawancinsu a jami'ar Yawunde ko ta Dschang suka yi karatu. Ban taɓa ɗaukar wannan makircin wani ba. Makarantun mishan sun kafu a bakin teku tun ƙarni na 19, mu kuwa kakanninmu ɓoye yara suke yi in an zo ɗiban 'yan boko. Daga 1962 har 1993 jami'a ɗaya ce tak a ƙasar, ta Yawunde. A 1993 Ngawundare ta zama jami'a, Marwa sai 2008. Wanda yake farfesa yau ya shiga makaranta ne a zamanin da yaron Kusiri ko Mora sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya ga ƙofar jami'a.

To amma ka juya ka dubi ɗalibanmu a amfi, babban ɗakin lacca: Tupuri, Mafa, Mundang, Giziga, Musgum, Kotoko, Larabawan Shuwa, Barebari, Fulani, Hausawa, ga 'yan Cadi birjik, ga 'yan mata da lulluɓi a layin gaba. Ni ba tausayi ne ya dame ni ba, aiki ne yake tsayawa. Mun taɓa yin bincike a kan yadda gidajen bayan gari suke samun ruwa. Wa ke ɗibar ruwa, wa ya san ranar da rijiya ta ƙafe? Mata. Samarin da muka aika da takardun tambayoyi a zaure suka ƙare, suna tambayar masu gida, masu gida suna amsa abin da ba su sani ba. Haka a 2021, da faɗa ya ɓarke a Logon-Birni tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa a kan ruwa har dubban mutane suka tsallaka Cadi, mu masu koyar da darasin fadamun Logon babu ɗayanmu da zai zauna da ko wane ɓangare ba tafinta.

Aikin farko shi ne rubuta furofil, wato bayanin irin malamin da ake nema a kowane gurbi. Mutanen waje suna zaton ranar zaman kwamiti ake zaɓe, alhali rabin zaɓen a nan ake gama shi. Ka rubuta furofil mai faɗi, mutane da yawa su shigo. Ka matse shi, sai wanda aka ɗinka wa rigar ne za ta shiga. Babban farfesanmu, wanda ya koyar da ni tun ina shekarar farko kuma har yau Baba nake ce masa in ba a taro ba, ya zo da furofil uku a rubuce. Da na karanta sai na ga sunayen ɗalibansa uku ne kawai ba a sa ba. Ɗaya ma taken tez ɗin yaron ne, wato kundin digirinsa na dokta, aka ɗan juya.

Ban yi masa musu a gaban mutane ba, gida na bi shi bayan la'asar. Aka kawo shayi, muka gama gaisuwa, na ce: "Baba, ranka ya daɗe, a kan furofil ɗin nan na zo." Ya ce ya sani. Ya ce shekara nawa muna kuka ba a ɗaukar 'ya'yanmu, yau dama ta zo, ni ne zan buɗe wa baƙi ƙofa? Na ce ai 'ya'yan namu nake nema, amma ban ga ɗan dutse, wato ɗan ƙabilun kan duwatsu, ko ɗaya a cikin ukun ba, ban ga mace ba, kuma dukkansu unguwarsu ba ta fi tafiyar kilando daga nan ba. Ya daɗe yana juya kofi. Bai ce na yi gaskiya ba, Baba ba ya faɗin haka. Cewa ya yi in bar masa ɗaya, in yi yadda na ga dama da biyu. Muka tashi a haka. Gurbi ɗaya muka rubuta shi a kan ruwa da ambaliya da rikicin albarkatun ƙasa, ɗaya a kan lafiya da rayuwar al'umma, muka ƙara layi guda cewa jin wani harshe na yankin ko iya koyarwa da Ingilishi ƙarin daraja ne.

Sanarwa ta fita, aka manna ta a allo. Na san in muka zauna jira, waɗanda suka saba zuwa ne za su zo, don haka na sa sakatariyarmu ta zaro tsofaffin rajistocin masta, na dinga buga waya ɗaya bayan ɗaya. Nan na ga inda ruwan yake tsiyayewa. 'Yan mata da yawa sun yi lisans, wato digirin farko, da maki mai kyau, wasu sun kai masta, daga nan shiru. Kuɗin rajistar shekara a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne tun 1993, ba shi ke korar mutum ba. Abin da ke kora shi ne kuɗin zuwa fagen bincike, da buga kundi, da shekarun da mutum zai yi ba albashi, da miji ko uba da zai ce karatun ya isa haka. Wadda na fi sa wa rai wata Balarabiyar Shuwa ce daga Logon, mai jin Larabci da Kotoko, ta yi tez a kan makiyaya da mashayar dabbobi. Ta gama rubutu, ta miƙa, tana jiran a haɗa mata alƙalan kare kundi, waɗanda wasunsu sai an ɗauko su daga kudu. Ranar rufe karɓar dosiye, wato takardun neman aikin, ta zo ta wuce ba ta kare ba. Ba dokta, ba shiga. Da na kai wa Baba ƙorafi sai ya ce: "Ai ba a fafe gora ranar tafiya." Haushi na ji, don shi ne ya fi kowa ikon sa a gaggauta mata.

Dosiye kuwa tsauni ce mai zaman kanta. Takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, kwafin kowane digiri tun daga bak, wato shaidar gama sakandare, kowanne da hatimi da timbir, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, takardar likita, kundin tez, maƙalolin da aka buga. Ɗan Yawunde zai haɗa wannan cikin mako. Wani ɗan Mafa daga wajen Mokolo, wanda ya shekara da shekaru yana koyarwa a lise, wato sakandare, kuma yana yi mana bakater, wato malamin da ake biya da awa, sai da ya kusa rasa damar saboda harafi ɗaya. An rubuta sunansa daban a takardar haihuwa, daban a takardar bak, kuma ita kanta takardar haihuwar kotu ce ta yi masa ita yana babban yaro, kamar dubban 'ya'yan ƙauyukanmu da ba a yi wa rajista ranar haihuwa ba. Sai da ya koma ya karɓo takardar shaidar cewa sunayen biyu mutum ɗaya ne. Ga shi shekarunsa 44, ƙa'ida kuma ta tsaya a 45. Ba shi da wani zagaye a gaba. Sai kuma 'yan'uwanmu da suka yi karatu a Maiduguri ko Zariya ko Kartum ko Azhar. Digirinsu ba ya aiki sai an ba su takardar daidaita shi da na gida, ita kuwa ba a samunta ranar da aka nema. Na san mutum biyu da wannan ya tsayar.

Ranar zama muka jera dosiyoyi a kan teburin ɗakin taswira, kowa da takardar ba da maki: darajar da aka ba tez, yawan maƙaloli, shekarun koyarwa, dacewa da furofil. Gurbin ruwa bai ba mu wahala ba, ɗan Mokolo ya wuce kowa. A gurbin lafiya aka kai ruwa rana. Akwai namiji mai maƙala shida, akwai mace mai biyu. In ƙirga za a bi, an gama magana. Na roƙi kwamiti mu ɗaga zaman zuwa washegari, kowa ya tafi gida da maƙalolin ya karanta. Wasu suka yi tsaki, amma aka tafi da su. Da muka dawo, wani abokin aikinmu ɗan kudu, mutumin da ba ya ɓoye magana, shi ya fara cewa huɗu cikin shidan abu ɗaya ne aka canza wa take, a mujallun da in ka biya yau gobe ka fito. Biyun matar kuwa, ɗaya a kan kwalara da rijiyoyin unguwa, aiki ne na wanda ya shiga gida-gida da ƙafarsa.

Sai aka zo kan layin da mai neman aiki ke rubuta jiharsa ta asali. A Kamaru wannan layi ba ado ba ne. Tun zamanin Ahijo, shugaban ƙasa na farko, akwai tsarin daidaita jihohi a jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma rabon da aka sani ya ba jihohin arewa uku kashi 30 cikin 100: Arewa Mai Nisa 18, Arewa 7, Adamawa 5. Duk wanda ya kai shekaruna yana tuna ƙarshen 2008, da 'yan majalisar arewa suka tayar da ƙura a kan sakamakon shiga makarantar horar da malamai ta Marwa, har jerin waɗanda aka ɗauka ya kumbura ya haura 7,000. Mu ba a ba mu kaso a rubuce ba, amma layin yana kan takarda, kuma kowa ya san ana duba shi a sama. Jihar asali kuma ta iyaye ce, ba inda aka haifi mutum ba.

Matar nan Bahaushiya ce haifaffiyar Bamenda, daga tsohuwar unguwar Hausawa da ke can. Kakanta fataucin goro ya kai shi. A Buya ta yi karatu, da Ingilishi. A takarda ta rubuta Arewa maso Yamma, ɗaya daga cikin jihohi biyu masu Ingilishi. Ɗaya daga cikinmu ya ɗaga dosiyen ya ce wannan ai ba 'yar ɓangaren Ingilishi ba ce ta gaske, in aka ƙirga ta a kasonsu za su ce an yi musu wayo. Wani ya ce to ba 'yar arewa ba ce kuma, ba ta taɓa kwana a nan ba. Na uku ya yi dariya ya ce a duba da kyau ko 'yar Najeriya ce. Jinina ya hau, don wannan dariyar na sha ta tun ina ɗan lise, kuma duk Bahaushen Birketeri a Yawunde ko Nubel a Duwala ya san ta: a kudu a ce maka ɗan arewa, a arewa a ce maka baƙo. Na danne zuciya na ce takardar shaidar ɗan ƙasa tana cikin dosiye, wanda yake shakkarta ya rubuta a rahoto ya sa hannu. Ba wanda ya ɗauki biro. Muka sa ta ta ɗaya a gurbin. Gurbi na uku ɗalibin Baba ya hau, kamar yadda aka shirya.

Tsakanin wannan rana da fitar sakamako wayata ba ta huta ba. Wani mai sarauta ya aiko a gaishe ni, tare da suna a 'yar takarda. Wani kawuna ya zo har gida a kan ɗan abokinsa. Amsata ɗaya ce ga kowa, kuma gaskiya ce: jerin ya bar hannuna. Daga sashe sai tsangaya, daga tsangaya sai kwamitin jami'a mai duba ɗaukar asistan, wato malamin matakin farko, daga nan sai Yawunde. Ba a nan kaɗai ake jin zafin abin ba. A Disamban 2019, da aka fitar da sunaye 1,237 na zagayen farko, daktocin da ba su ga sunansu ba zaman dirshan suka yi a ƙofar ma'aikatar ilimi mai zurfi, suna kwana a waje.

Da namu jerin ya dawo, biyu suna nan: ɗan Mokolo da 'yar Bamenda. Ɗalibin Baba ne aka cire, aka sa wani ɗan jihar Yamma da muka jera a baya, wanda ya ƙware a taswirar kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam. Ba a gaya mana dalili ba. Baba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau, yana zaton da hannuna. A ɗakin shayi kuwa har caca aka yi da baki: ɗan Yamma ba zai shekara ba, matar za ta gudu da zafin farko, ɗan Mokolo ne kaɗai namu har abada.

Ɗauka ta ƙare a nan. Abin da ya biyo baya babu shi a cikin wata sanarwa, kuma shi ya fi cin lokacina.

Sabon malami yana shiga aji ranar da ya sa hannu a takardar kama aiki, amma albashi sai an ba shi matirkul, lambar ma'aikacin gwamnati, sai dosiyensa ta gama zaga ofis-ofis. Namu sun yi wata da watanni ba ko sisi. Ana biyan bashin gaba ɗaya daga baya, rapel muke ce masa, amma mai gidan haya ba ya karɓar alkawarin rapel, kuɗin wata da yawa yake so a hannu. Ɗan gida yana da inda zai ci tuwo. Baƙo fa? Malama 'yar Bamenda ta sauka daga jirgin ƙasa a Ngawundare, ta hau bas da goyo a baya da ƙanwarta mai riƙon yaro. Mijinta, wanda rikicin ɓangaren Ingilishi da ya fara a 2016 ya kora daga Bamenda da shagonsa, ya kira ni tun suna hanya ya ce: "Malam, amana ce na ba ka, bayan Allah ba mu san kowa a can ba." Gidan Yayata na kai su, suka zauna a ɗakin surukarta da ta rasu. A sashe kuma muna da adashi na ƙarshen wata. Na roƙi 'yan adashin a ba sababbin nan ɗauka ta farko da ta biyu da ta uku tun ba su fara zubi ba, ni na tsaya musu. Ma'ajinmu ya ce in suka gudu fa? Na ce a cire a nawa.

Sai rabon darussa. Al'adar da muka gada ita ce sabon zuwa shi ke kwasar 'yan shekarar farko: amfi cike, lacca da sassafe, takardun jarrabawa buhu-buhu. Manya su riƙe 'yan masta su goma sha. Illar wannan ba a ganinta sai an jima. Asistan ba ya zama sharje de kur, matakin da ke gaba da nasa, sai ya kai dosiye gaban kwamitin ƙasa na ƙarin girma, CCIU, kuma abin da ake dubawa a can maƙaloli ne. Wanda ya kwana yana gyaran takardu ɗari-ɗari yaushe zai rubuta? Sai shekaru su wuce a ce ai ga shi, an ɗauko su don daidaito, ba su iya ba. Na ce kowane babba zai ɗauki darasi ɗaya na 'yan shekarar farko, na fara da kaina. An yi gunaguni, wani ya ce shi ya gama bautar nan tun ina makaranta. Baba ne ya kashe maganar, abin da ban zata ba: ya ce a ba shi gabatarwar labarin ƙasa, dama yaran yanzu ba su san bambancin kogi da mayo, rafin da ke ƙafewa da rani, ba.

Makon Malama na farko a amfi bai yi daɗi ba. Doka ta ba ta damar koyarwa da Ingilishi, harsunan hukuma biyu daidai suke, an ma sake jaddada haka a dokar Disamban 2019. Ɗalibai kuwa ba doka suke ji ba. Ta buɗe baki suka fara buga tebur suna cewa ba su gane komai. Ta fito ido ya yi ja. Ɗan Yamman nan, wanda ake cewa ba zai shekara ba, shi ya ce ta kawo takardun laccarta ya mayar mata da su Faransanci mai kyau, ita kuma ta dinga gyara masa Ingilishin maƙalolinsa. Ta koma tana raba takarda da Faransanci, tana bayani a hankali da harsunan biyu. Ranar da wani yaro a baya ya yi mata shaƙiyanci da Hausa yana zaton ba ta ji, ta mayar masa da amsa da Hausar da ta fi tasa, amfi ya ɗauki sowa, daga ranar ba a ƙara buga mata tebur ba. Ita da ɗan Yamma daga baya suka fitar da maƙala tare, taswirarsa da bayananta na gida-gida.

Akwai wata wahala da mace ɗaya tilo take sha wadda ban san da ita ba sai da na gani. Duk kwamitin da aka kafa a tsangaya sai a ce a sa mace, macen kuma ita ce. Kwamitin tarbar baƙi, ita. Na ladabtarwa, ita. Na abincin biki, ita. Ƙofar ofishinta kullum da layin 'yan mata, wannan an hana ta kuɗin rajista, wannan za a yi mata aure tsakiyar shekara, wannan wani malami ya matsa mata. Ba mai ƙirga wannan a dosiyen ƙarin girma. Na fara mayar da takardun naɗi da kaina, ina rubuta cewa sashe ya riga ya ba ta aiki. Wurin shayar da yaro ma babu. Makullin ɗakin taswira na ba ta, ƙanwarta tana kawo shi tsakanin lacca da lacca.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne inda ake yanke magana. A takarda, a taron sashe ne. A zahiri, mu Musulmi muna gama tamu a ƙofar masallaci bayan azahar, da Fillanci. 'Yan kudu suna gama tasu ranar Juma'a da dare inda suke shan abinsu, ko a taron 'yan garinsu. Labarin kuɗin bincike, da gayyatar taro a waje, da wanda za a ba wane darasi, duk a nan suke yawo. Malama ba ta nan, ba ta can. Ɗan Mokolo Kirista ne amma ba ɗan kudu ba, ɗan arewa ne amma ba ya ƙofar masallaci, shi ma ba ya ko'ina. Sau da yawa sai an rufe karɓar takarda yake jin labari. Na buɗe zauren WhatsApp na sashe, na ce duk sanarwar da ta shigo hannun wani a sa ta a nan ranar da ta zo, kuma abin da ba a rubuta a ajandar taro ba ba a yanke shi ba. Ya rage, bai kashe ba.

Masu cacar ɗakin shayi duka sun faɗi. Ɗan Yamma yana nan. Abin da aka saba gani shi ne malami ya bar iyali a Duwala ko Yawunde, ya zo ya tara laccar zango cikin mako biyu ko uku, ya koma, yana bin takardar canjin wuri har ya samu. Shi matarsa malamar lise ce, muka bi mata takardar haɗa iyali har aka dawo da ita nan, muka nemo wa yaransu makaranta. Watan Afrilunsu na farko, zafi ya haura 40 ga wuta tana ɗaukewa, sun ce a tsakar gida suka dinga kwana suna jiƙa zane. Amma matar ta gano albasa da kilishi suna da kasuwa a kudu, ayaba da fiya suna da kasuwa a nan. Bara ya sayi fili a bayan gari, ya kira ni in ga an kafa tushe.

Malama ta haye zuwa sharje de kur. Mijinta ya buɗe shago a babbar kasuwa. Ba zan ce ta zauna har abada ba, don duk lokacin da aka ce Bamenda ta lafa sai na ga tana duba waya.

Wanda ya tafi ɗan Mokolo ne. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, ƙungiyoyin agaji suka cika yankin Mokolo, kuma abin da suke nema ido rufe shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauke shi: dokta mai sanin ruwa da ƙasa, mai jin Mafa da Fillanci da Faransanci, wanda zai hau dutse mutane su saki jiki da shi. Wata ƙungiya ta yi masa tayin albashin da ya ninka namu, da mota, da inshorar asibiti. Ya shigo ofishina ya rufe ƙofa ya ce: "Shugaba, ni ne dokta na farko a ƙauyenmu. Duk wanda aka kora don kuɗin makaranta, duk wadda za a yi wa tiyata, ƙofata ake bugawa. Shekaruna sun ja, ban aza ko bulo ɗaya ba." Na lissafa masa abin da nake da shi: kuɗin tallafin bincike da ake ba malaman jami'a duk wata uku tun 2009, ƙarin girma da ke tafe, fansho. Ya saurara har na gama, don mutum ne mai ladabi. Na sa masa hannu a takarda. Har yanzu yana duba kundin ɗalibanmu biyu kyauta, in ya shigo gari.

Darasinsa na ruwa da rikicin albarkatu yanzu Balarabiyar Logon ce take koyar da shi. Ta kare tez ɗinta watanni bayan an rufe ƙofa, da daraja mafi girma, Baba ne ma ya shugabanci zaman. Bakater take yi, ana biyanta da awa, kuɗin ma sai ƙarshen shekara in an yi sa'a. Ita da Malama sun ɗauki 'yan mata biyu daga masta suna tura su rajistar dokta, ɗaya 'yar Tupuri, ɗaya 'yar Mbororo da kawunta ya zo da kansa ya ga ofishin da za ta dinga zama kafin ya yarda. Wasiƙata ta neman a cike gurbin ɗan Mokolo tana ofishin shugaban tsangaya. Balarabiyar kuma ta gaya mini makon jiya wata jami'a a Cadi ta kira ta, sun ba ta zuwa ƙarshen damina ta ba su amsa.